Mura da zazzaɓi a lokacin hunturu: gwajin palu, NFS ko CRP, wanne ya cancanci kuɗinka?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hunturu ya kankama, ƙura ta lulluɓe garin Maraɗi, layin da ke bakin labo yakan yi tsawo. Yawancin masu jiran da abu ɗaya suka zo: mura, tari, ciwon maƙogwaro, ciwon gaɓoɓi, da zazzaɓin kwana biyu ko uku. Kowa da takardarsa a hannu, an jera masa TDR ko GE na neman palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da NFS, CRP, VS, wani lokaci har da Widal na neman taifot. Wasu ma ba likita ne ya aiko su ba, su suka kawo kansu: "Malam, a auna mini jinin gaba ɗaya, in san abin da ke damuna." Kuɗin aljihu kuwa ba kasafai yake isa duka ba. Sai a tsaya a bakin taga ana lissafi, wanne za a biya yau, wanne za a bari.

Kafin a shiga lissafin, a san cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan gwaje-gwaje da ke ganin birus ɗin da ya kawo murar. Birus na mura, da na korona, da RSV mai wahalar da jarirai, a cikin hanci da maƙogwaro da hanyoyin iska suke zaune. Mai son ganinsu sai ya zura ɗan tsinken auduga a hanci, a kai samfurin inda ake gwajin PCR, kamar cibiyar CERMES ta Yamai, wadda ke bin sawun murar sanyi a ƙasar, ita ce kuma ta riƙa gwajin korona tun da cutar ta shigo Nijar a watan Maris na 2020. Abin da jini ke nunawa shi ne yadda jiki ya mayar da martani. Ƙura ce da aka hango daga nesa a kan burtali: ka tabbata garke ya wuce, kana iya kintatar yawansa, amma ƙurar ba za ta faɗa maka shanu ne ko tumaki ba.

Mai kuɗin gwaji ɗaya tak, ga zazzaɓi a jiki, gwajin palu zai yi. Ko da majina na zuba, ko da tari ya cika ɗaki. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, amma ba ya ɗaukewa ƙaf da rani, balle ga mazauna bakin Gulbin Maraɗi da kewayen tafkin Madarunfa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar ta hanyar gwaji kafin a ba da magani. Akwai kuma dalili na biyu da ba a cika faɗa ba: palu yana hargitsa duk sauran sakamakon. Yana sauke plaket, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, yana rage jini, yana ɗaga CRP sama sosai, yana iya sa Widal ya yi ƙarya. In ba a san matsayinsa ba, sauran takardun ba za su karantu daidai ba.

Tsakanin TDR da GE ma akwai zaɓi. TDR ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama, kusan kowace CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, na da shi. Sai dai irin wanda aka fi amfani da shi wani sinadari yake nema mai suna HRP2, shi kuwa yakan daɗe a cikin jini makonni bayan magani ya kashe ƙwayoyin. Yaron da ya gama shan maganin palu mako biyu da suka wuce, yau kuma ya tashi da mura da zafin jiki, TDR na iya nuna layi biyu, wato akwai palu, alhali tsohon sawu ne. Wannan yaron GE ya dace da shi, inda ma'aikaci zai duba ta madubin likita ya ga ƙwayoyin da idonsa, ya ƙirga yawansu. Wanda bai sha maganin palu a kwanan nan ba, TDR ya ishe shi. Kuma ko gwajin ya nuna akwai palu, kada a manta da ƙirji. A yankinmu mutane da yawa na yawo da ƙwayoyin a jini ba tare da sun kwanta ba, don haka mutum na iya ɗauke da su, abin da ya kayar da shi kuma ciwon huhu ne.

To an cire palu. A nan gizo ke saƙar: NFS ko CRP?

NFS ƙidayar ƙwayoyin jini ce, takarda mai layuka da yawa, kuma ita ta fi tayar wa mutane hankali, domin na'ura takan buga alama a gaban duk lambar da ta kauce ko da kaɗan. A jikin babba mai lafiya, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake rubutawa GB, sukan kama daga 4,000 zuwa 10,000. Abin da aka koya wa kowa shi ne bakteriya na ɗaga netrofil, birus na ɗaga limfosit, waɗanda nau'o'i biyu ne na fararen ƙwayoyin. Rabin gaskiya ke nan. A kwanakin farko na murar sanyi mai ƙarfi, limfosit sauka suke yi, domin sun bar magudanar jini sun tafi inda ake faɗan, jimlar fararen kuma ta tsaya daidai ko ta ɗan yi ƙasa. Sai bayan kwanaki, jiki ya fara farfaɗowa, suke dawowa har su ɗan haura. Korona ta nuna wannan ƙarara: a wani babban bincike da aka buga a 2020 kan marasa lafiya 1,099 a ƙasar Sin, kashi 83 cikin ɗari limfosit ɗinsu sun yi ƙasa lokacin da aka kwantar da su, kashi 36 kuma plaket ɗinsu sun sauka. Ƙyanda ma haka take sauke fararen ƙwayoyi. A gefe guda, adenobirus, wanda ke haɗa wa yara ciwon maƙogwaro da jan ido da zazzaɓi mai zafi, yakan ɗaga fararen ƙwayoyi da CRP tamkar bakteriya. Tarin shiƙa kuwa bakteriya ce ke kawo shi, amma limfosit yake ɗagawa, wani lokaci ƙwarai da gaske.

Akwai abubuwa uku da ke sa a karanta NFS a karkace a garin nan, kuma ina ganin sun fi duk abin da ke sama muhimmanci. Yaro ɗan ƙasa da shekara huɗu zuwa biyar, a halittarsa limfosit sun fi netrofil yawa. Uwa ta ga kashi 60 cikin ɗari a takardar ɗanta mai shekara biyu, ba cuta ba ce, ma'aunin manya aka gwada masa. Na biyu, yawancin mutanen Afirka ta Yamma sun gaji wani nau'in jini da ba shi da alamar da ake kira Duffy. Wannan gado yana ba da kariya daga nau'in palu na vivax, yana kuma sa netrofil su zauna ƙasa da ma'aunin da aka ɗauko daga Turai, ba tare da wata illa ba. Magidanci lafiyayye na iya samun netrofil 1,300 shekara da shekaru. In mura ta ƙara sauke su kaɗan, takarda sai ta yi kama da abin tsoro. Na uku shi ne magani. Deksametazon da piredinizolon da ake saye a tebur ko a hannun masu yawo da magani a ka, ko don mura ko don neman ƙiba, suna ɗaga netrofil, su sauke limfosit, su ɗaga sukari. Wanda ya sha su kwana biyu kafin awo ya zana wa kansa hoton ciwon bakteriya da hannunsa. In ka sha, faɗa wa likita. Ɓoyewa na iya ja maka alluran da ba ka buƙata.

Plaket, daga 150,000 zuwa 400,000 ne ma'auninsu. Birus na iya sauke su kaɗan, su dawo da kansu. In sun yi ƙasa sosai, ga zazzaɓi, a sake neman palu ko da gwajin farko bai nuna ba. Bayan an warke kuma, musamman ga yara, sukan yi tsalle su wuce ma'auni na ɗan lokaci, ba abin damuwa ba ne.

Ƙarfin NFS na gaskiya a wani layi yake, layin emogulobin, ma'aunin yawan jini. Murar mako guda ba ta shanye jinin mutum. In aka ga jini ya yi ƙasa, akwai wani dalili: palu, ƙarancin sinadarin ƙarfe, tamowa, tsutsar ciki, ko amosanin jini, wato sikila. Ga mai sikila wannan layi rai ne, domin akwai wani birus, parbobirus B19, da ke yaɗuwa ta numfashi, ya fara kamar ƙaramar mura, sannan ya tsayar da ƙera jajayen ƙwayoyi a ɓargo na kusan mako guda. Mai lafiya ba zai ma lura ba. Mai sikila, da jajayen ƙwayoyinsa ba sa daɗewa, jininsa na iya faɗuwa har ya buƙaci ƙari. Shi kuma fararen ƙwayoyinsa da ma a sama suke zama ko yana lafiya, don haka sai an gwada da tsohuwar takardarsa. A riƙa adana ta.

CRP lamba ɗaya ce kawai. Sinadari ne da hanta ke fitarwa in jiki ya ji kumburi; an gano shi a 1930 a Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Yana fara hawa awa 6 zuwa 8 bayan ciwo ya kama, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, in kuma ciwon ya lafa, yakan ragu da rabi cikin kimanin awa 19. Wannan saurin shi ne amfaninsa, yana ba da labarin yau da jiya. Mai lafiya yana ƙasa da 5 ko 6 mg/L. Murar birus takan ɗaga shi zuwa 10, 30, wani lokaci har 50 ko 60 a rana ta biyu zuwa ta huɗu, sannan ya gangaro. Ciwon huhu na bakteriya yakan wuce 100. A Ingila, ƙa'idar da hukumar NICE ta fitar a 2014 ga manya masu tari ta ce: ƙasa da 20, kada a ba da antibiyotik, daga 20 zuwa 100, a jira a gani, sama da 100, a bayar. Ba a rubuta ta don ƙasar da ke da palu ba, amma in an riga an cire palu, tana taimakawa.

Ku lura da yadda labo ya rubuta sakamakon. Inda ake aiki da hannu, ana tsarma ruwan jini ana ninkawa, lambobin da ke fitowa su ne 6, 12, 24, 48, 96, 192. Wanda aka ba 48, abin da ake nufi yana tsakanin 48 da 96. Wani wurin kuma "positif" kawai za a rubuta, ba lamba. A ganina wannan asarar kuɗi ce, domin mai ƙaramar mura da mai ciwon huhu duka "positif" za su samu. Tambayi ma'aikacin tun kafin ka biya: da lamba zai fito?

Lokacin yin awon ma yana canja komai. Wanda zazzaɓi ya kama da asuba ya garzaya labo da hantsi, CRP ɗinsa na iya fitowa ƙasa ko da bakteriya ce, don hanta ba ta gama amsawa ba. A rana ta uku, 40 ba ta rarrabe komai. Inda lambar ke magana da babbar murya shi ne daga rana ta biyar zuwa ta bakwai, musamman ga wanda ya fara samun sauƙi sai zazzaɓi ya dawo, tari ya koma ƙirji, numfashi na suka a haƙarƙari. Haka bakteriya ke bin bayan birus ta shiga huhu. A wannan gaɓa, CRP mai hawa hujja ce mai ƙarfi. Launin majina kuwa ba hujja ba ne. Koren nan ko ɗorawar da ke sa mutane gudu sayen amoksisilin, daga wani sinadari na cikin netrofil yake fitowa, murar birus ma tana kawo shi.

Ga yadda nake auna su. In tambayar ita ce "a sha antibiyotik ko a bari?", ga babba ko matashi da ba shi da wata cuta, CRP mai lamba ya fi NFS amsawa, kuma ƙaramar lambarsa ta fi babba amfani: ƙasa da 20 bayan kwana biyu ana ciwo, da wuya a ce akwai babban ciwon bakteriya a huhu. In kuwa mara lafiyan ƙaramin yaro ne da tafin hannunsa ya yi fari, ko mai ciki, ko mai sikila, ko wanda ke zubar da jini ta hanci ko dasashi, ko zazzaɓi ya haura mako, NFS ce gaba, don tambayar ta wuce ta birus da bakteriya. Wanda kuma mura ce zalla, kwana biyu, yana ci yana sha, numfashi lafiya, gwajin palu bai nuna komai ba, babu wanda yake buƙata cikin biyun. Ya riƙe kuɗinsa, ya sha ruwa da farasitamol, ya koma in an kwana uku abin bai sassauta ba.

VS ba zan daɗe a kanta ba. Ana zuba jini a siririn bututu a ga nisan da jajayen ƙwayoyi za su kwanta cikin awa ɗaya. Tana jinkirin hawa, tana ɗaukar makonni kafin ta sauka, ƙarancin jini da ciki da tsufa duk suna ɗaga ta, sikila kuma na danne ta. Ga murar kwana uku, in an yi CRP, biyan VS maimaici ne.

Widal ya fi ta ɓarna. Gwaji ne na 1896, yana neman martanin da jiki ya taɓa yi wa ƙwayar taifot. A wurin da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar da danginta tun suna yara, jini na iya amsawa ko babu cutar a yanzu, kuma palu ko wani zazzaɓin na iya tayar da tsohon martanin. Sakamakon haka, mai tari da majina ya shiga labo da mura, ya fito da "palu da taifot", ya tafi da siprofuloksasin na kwana goma. Ciwon ya tafi da kansa a rana ta bakwai, a ce magani ne ya yi aiki. Taifot cuta ce ta gaske, tana huda hanji tana kisa, amma hanyar tabbatar da ita shuka jini ce a labo a ga ƙwayar ta tsiro, kuma alamunta zazzaɓi ne mai daɗewa yana ƙaruwa, da ciwon ciki da na kai, ba atishawa ba.

Akwai wani awon jinin mai suna purokalsitonin, ga mai hali da kuma inda ake yin sa. Ya fi CRP iya rarrabewa, domin sinadarin da jiki ke fitarwa don yaƙar birus yana danne shi. Ƙasa da 0.25 ng/mL yana nuna da wuya bakteriya ce. Yana da tsada, kuma palu mai tsanani shi ma yana ɗaga shi. Wurinsa gadon asibiti ne, kamar a CHR, babban asibitin jiha, ko Asibitin Referans, inda likita ke shawarar ci gaba da allurai ko tsayar da su.

Wani zaɓin daban shi ne na wanda da ma yana da awon da aka tsara masa, na sukari, na hanta, na ƙoda, ko na takardun aiki da tafiya, sai mura ta faɗo a makon. Ya je ko ya ɗaga? In ba gaggawa, ya ɗaga mako biyu zuwa huɗu bayan ya warke. Zazzaɓi na ɗaga sukari na ɗan lokaci. ALAT da ASAT na hanta kan ɗan hau, daga birus ɗin ko daga farasitamol da aka yi ta sha, wanda babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, kuma da yawan haɗe-haɗen maganin mura suna ɗauke da shi a ciki ba a sani ba. Rashin shan ruwa, ga ibuprofen ko diklofenak a kai, na ɗaga kireyatinin, ma'aunin aikin ƙoda. Kolesterol yakan sauka, ya yi wa mutum albishir na ƙarya. Ƙidayar CD4, ƙwayoyin garkuwar jiki da ake auna wa masu SIDA, ita ma takan faɗi na ɗan lokaci. Mafi yaudara ita ce feritin, ma'aunin ajiyar ƙarfe: ciwo na ɗaga ta, sai macen da ƙarfe ya ƙare mata ta fito kamar lafiya lau. Shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in akwai ciwo a jiki, a ɗauki ƙasa da 70 a matsayin ƙaranci ga manya maimakon 15, ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma 30 maimakon 12. Mai son ba da jini ma ya bari sai ya yi mako biyu da warkewa.

Banda mai ciwon sukari. Shi lokacin ciwo ne ya fi buƙatar awon yatsa, sau da yawa a yini, kuma kada ya ajiye insulin don ba ya cin abinci sai ya tuntuɓi likitansa. Awon HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku, murar mako guda ba ta girgiza shi, ko da yake ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai ba a dogara da shi.

Akwai kuma halin da jiran sakamako kansa haɗari ne. Uwa ta ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye. Daga wata 2 zuwa 11, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40: wannan saurin numfashi ne, kuma a kansa majo na CSI ke yanke hukuncin ciwon huhu, ba tare da ɗigon jini ko ɗaya ba. In ƙasan ƙirji na lotsawa ciki a duk shaƙa, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ɗan maƙalen yatsa ya nuna iskar jini ƙasa da kashi 90, asibiti za a nufa kai tsaye. Haka jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinsa ya yi zafi, da yaro mai tamowa, wanda jikinsa kan kasa nuna zazzaɓi ko da ciwo ya ci ƙarfinsa. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a wannan yanayi na ƙura, sanƙarau ake zargi har sai an duba ruwan gadon baya. Ciwon maƙogwaro mai farar fata a ciki da kumburin wuya, a tuna mashaƙon da ya ɓarke a jihar Damagaram a 2023. Tarin da ya haura mako biyu kuma, da rama da gumin dare, ba NFS ba CRP: kaki za a kai a gwada a na'urar GeneXpert don neman tibi.